Zamana a Bencin Baya

Abu uku suka tayar da ni daga Kano ranar Lahadin da ta wuce: injin ban-ruwa biyu, shekara goma sha ɗaya, da sunan mutum ɗaya. Mutumin shi ne Yohanna, wanda ya riƙe makullin sitona na Gyadi-Gyadi duk tsawon shekarun nan. Wata huɗu baya injinan suka ɓace, na kira shi ɓarawo a gaban maƙwabta, na karɓe makulli. Ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyensu a bayan Saminaka. Da damina ta kankama rufin ɗakin ajiyata na Tarauni ya fara yoyo, muna janye kaya sai ga injinan cikin kwalinsu. Ni da hannuna na kai su can ranar da zan tafi Legas, na manta.

Surukin Yohanna, wani makaniki a layinmu, ya gaya mini labarin ya riga Yohanna isa gida, har cocinsu ta sa shi a horo. Na ce to zan rubuta musu takarda. Ya ce, "Alhaji, a takarda ka kira shi ɓarawo?" Na je wurin malamina, ya ce ba ibada zan je yi ba, haƙƙi zan je saukewa, in tafi.

Mun tashi da asuba, ana sallame sallah, ni da makanikin da direbana. Tun da sojoji suka miƙa mulki shingayen hanya sun ragu, amma waɗanda suka saura kamar labarin canjin bai iso musu ba. Hotunan 'yan takara na nan a jikin kowace katanga, ruwa ya wanke su, ba ka gane wanda ya ci da wanda ya faɗi. A Tudun Wada muka sha shayi da burodi, muka sayi mai a galan wurin 'yan bumburutu kusan ninkin kuɗin gidan mai. A dajin Falgore direba ya daina surutu ya kama salati, birai ne kaɗai suka tare mu. Daga nan har Saminaka masara ce hagu da dama, ta fi mutum tsawo. Na tambayi kuɗin buhu don hali, na ga da motar kaya na zo da ban koma wayam ba.

Cocin ginin laka ce mai rufin kwano, ƙararrawarta tsohon wilin mota ne rataye a bishiya. Makanikin ya bar ni a ƙofa ya zaga ya sanar da dattawa. Na tuɓe takalmina, na gyara zaman hulata, sai wani dattijo mai tsaron ƙofa ya yi murmushi ya ce, "Baba, ka juya abin. Takalmi a ƙafa, hula a hannu." Rabon da a ga sanƙona a cikin jama'a tun aikin Hajji. Na cire.

A ciki maza na gefe guda, mata na gefe guda, kowace da ɗankwali. Na hangi wani benci can baya babu kowa a kai, na ce ga inda baƙo zai ɓuya, na zauna. Na lura ana waiwayena ana raɗe-raɗe, na ɗauka babbar riga ce. Can sai ga Yohanna ya shigo, kai a sunkuye, ya rame, ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Da ya ɗago ya gan ni sai ya daskare.

"Alhaji, tashi daga nan," ya ce a hankali. "Wannan bencin masu laifi ne."

Sai a lokacin na san mene ne horo. Kowace Lahadi nan yake zama shi kaɗai, ba ya waƙa da mawaƙa, ba ya cin jibinsu, wato burodin ibadarsu, kowa ya shigo ya gan shi. Lahadi goma sha bakwai. Dattijon ƙofa ya zo zai kai ni gaba, na ce ya bar ni, ban yi ɓatan wuri ba.

Ga wanda bai taɓa shiga ba, ga abin da na gani. Komai da Hausa ake yi, kuma tashi da zama sun fi na kotu yawa. Ba wanda ya ce in tashi, ba wanda ya harare ni da ban tashi ba. Matan zumunta suka yi waƙa da kiɗan tulu da caki, har sai da na tsawata wa ƙafata. Fasto ya yi wa'azi a kan Annabi Yusuf a kurkuku, na yi ta zufa, ina zaton da ni yake, ashe tun ranar Laraba ya shirya abinsa. An zaga da kwanon baiko, wato na tara sadakarsu, mai ɗauke da shi ya wuce ni cikin ladabi. Awa biyu da rabi ba a kusa gamawa ba.

Bayan sanarwa aka ce baƙi su tashi a san su. Na tashi. Na faɗi sunana da sana'ata, na ce ni Musulmi ne daga Kano. Na ce injinan da aka ce Yohanna ya sata suna ɗakina, ni na ajiye, ni na manta, ni na yi masa ƙazafi, ko allura bai taɓa ɗaukar mini ba. Wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "Wata huɗu kana ina, ɗan nan?" Aka yi ta cewa Mama yi shiru. Na ce a bar ta, tambayarta daidai ce.

Dattawa suka haɗa kai jim kaɗan. Fasto ya ce su ma sun yi gaggawa, sun hukunta mutum da jita-jita, ya sauko da kansa ya kama hannun Yohanna ya kai shi gaba. Mata suka ɓarke da guɗa, matarsa na kuka. Ni aka bari a bencin ni kaɗai har aka tashi.

A gidansa wuƙa suka miƙo mini na yanka kazar da hannuna, don in ci hankali kwance. Tuwon masara ne da miyar karkashi. Aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma a gindin mangwaro na yi Azahar. Bayan nan na zaro makullin sito na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya turo mini.

"Na yafe, Alhaji, tsakanina da Allah. Amma duk ranar da wani abu ya sake ɓata, ni zan fara kallon idonka."

Ban yi ciniki ba, na san farashin da ba ya sauka.

Mun shigo Gyadi-Gyadi ana kiran Magariba, da buhun ɗanyar masara da Yohanna ya cusa mana a but ɗin mota. Na koyi cewa mintin da na yi ina zagi ya ci wa wani Lahadi goma sha bakwai. Injina biyu suna nan, Yohanna ya karɓi sunansa, ni kuwa makulli yana aljihuna, kuma har yau ban sami wanda zan ba shi ba.