Filadelfiyar Alhaji Mamudu

Har gobe ban manta da Talatar da sakamakon jinin Alhaji Mamudu ya dawo daga Kwatano ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a labo, wato ɗakin gwajin jini, na wani asibiti a Paraku. Shi mahauci ne daga Jugu, ya zo mana da saifa a kumbure, fararen ƙwayoyin jininsa sun wuce hankali.

Takardar ta ce "Philadelphie positif". Ku sababbin zuwa aikin nan, ku buɗe kunne. Akwai wata ƙwayar gado a jikin mutum mai haɗa sinadarin da ake kira kinaz, wanda ke ba ƙwayoyin jini umarnin su hayayyafa. In ta lalace, umarnin ba ya tsayawa, kamar famfon da aka bari a buɗe. Sunan garin da aka gano lalacewar a Amurka aka laƙaba mata, shi ke nan. Akwai kuma maganin da ake haɗiya kullum ya toshe kinaz ɗin.

A ƙa'ida, takarda na bi ta hannun majo, shugaban masu jinya, ta kai ga likita. Likita ya yi tafiya. Majonmu kuwa, wanda ko "ina kwana" da Faransanci yake amsawa, ina zai iya jira? Ya kira Hajiya Rabi, matar Alhaji, ya gyara tabarau ya ce, "Madam, ciwon mijinki sai Amurka. Ga sunan garin a rubuce."

Tir! Suka ɗauke mara lafiya suka koma Jugu neman fasfo.

Da likita ya dawo, gado wayam. Na ce, "Majo, me ka gaya musu?"

Ya ce, "Kai likita ne?"

Na ce, "A'a. Kai ma haka."

Ranar Asabar na hau mota zuwa Jugu, raina a ɓace. Na tarar da Alhaji kwance a tabarma, ya rame ƙwarai, hotunan fasfo a gefensa. Na ce, "Baba, maganinka yana Paraku."

Hajiya ta ce, "Ɗana, ai babba ne ya faɗa."

Sai da na rantse mata sau biyu suka biyo ni.

Da aka ɗora shi kan maganin, Alhaji ya tashi, ya koma teburin namansa. Da ya zo godiya da cinyar rago, sai ya kai wa majo, wai shi ya fara gano ciwon. Majo ya karɓa hannu biyu, ko kunya.

Abin da na koya ke nan: a aikin nan, ban taɓa ganin wanda "ban sani ba" ta kashe ba.