Rakiyar Baba Mudi

Sunansa na ainihi Murdo Garvie, amma a gidan Hambali da ke unguwar Thamesmead a London ba wanda ya taɓa kiransa haka. Mudi ake ce masa, matar gidan kuwa, Shafa'atu, takan ce Baba Mudi. Mutumin Scotland ne, dogo, siriri, ɗan wani masunci daga ƙauyen bakin teku. Ya zo London yana ɗan shekara talatin don ya zama ɗan wasan fim. Ya kuwa zama, sai dai irin wanda ba a tambayar sunansa. Yau ɗan sanda na biyu, gobe mai buɗe wa attajiri ƙofa, jibi gawa a gefen titi. Yakan ce ya mutu sau goma sha ɗaya a gaban kyamara, ba a taɓa yi masa kuka ba. In babu aikin fim, sai ya tsare ƙofar baya ta wani gidan wasan kwaikwayo a Aldwych.

Burinsa ɗaya ne a duniya: sunansa ya fito a rubuce a ƙarshen wasa, yayarsa Margaret ta gani da idonta. Ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu. Duk ranar da zai fito a talabijin takan zauna har rubutun ƙarshe ya wuce, sannan ta aiko masa da wasiƙa: "Na ga ƙeyarka. Ka je ka yi aski."

Hambali direba ne a ofishin jakadancin Najeriya da ke Northumberland Avenue. Shekarun kuɗin mai ne, baƙi daga gida ba sa yankewa, yakan wuni yana kai su daga wannan kanti zuwa wancan. A bas ɗin komawa gida suka haɗu da Mudi a 1974, a bas kuma suka shaƙu.

Ran da Hambali ya fara kai masa ziyara, Mudi ya dafa masa shayi, suka sha hira. Da ya tashi tafiya, Mudi ya ba shi hannu a bakin ƙofa, ya ce sai gobe, ya mayar da ƙofa ya rufe. Hambali ya tsaya a barandar siminti yana kallon ƙyaure. Ya koma gida ya kasa cin tuwo.

"Malam, lafiya?" in ji Shafa'atu.

"Baturen nan korata ya yi. Ko taku uku bai yi mini ba."

"To kai ka taɓa gaya masa ana yi? Gayyato shi Lahadi, ka nuna masa."

Ran Lahadi Mudi ya zo, ya ci tuwo da miyar kuka har da ƙari. Da ya tashi, Hambali ya zura takalmi ya bi shi. Suka sauka bene, suka wuce tafki, har gadar masu tafiya a ƙasa. Mudi ya tsaya ya shafa aljihunsa.

"Hambali, in cokali kuke nema, wallahi ban ɗauka ba."

Hambali ya yi dariya har ya dafa ƙarfen gada. Ya ce masa wannan ita ce rakiya. A wurinmu ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai kamar an gaji da shi, sai a taka masa, gwargwadon yadda yake a zuciya. Mudi ya tuna da ƙofar nan da ya rufe masa. Sai ya juya ya raka Hambali gida. Hambali ya ga ai ba zai bar shi ya koma shi kaɗai ba, ya sake biyo shi. Shafa'atu ta leƙo ta taga.

"Baba Mudi! Wannan rakiya ce ko sintiri?"

Tun daga ranar ba wanda ya ƙara fita daga gidan Mudi shi kaɗai. Har mai duba mitar lantarki sai ya kai shi bakin bene.

A kaka ta 1976 abin da ya daɗe yana jira ya zo. Aka ba shi Mista Baird, mai gidan haya, a wani wasan talabijin. Fitowa uku ce kacal, amma da magana, da suna. A fitowa ta ƙarshe ɗan hayarsa, wani ɗalibi ɗan Afirka, zai koma gida bayan shekara huɗu. Takardar wasan ta ce ya ba shi hannu, ya rufe ƙofa.

Ranar ɗaukar hoton Asabar ce, Hambali ba ya aiki, Mudi ya tafi da shi. Wanda yake fitowa a matsayin ɗalibin wani mutumin Jos ne, Jang. Aka kunna kyamara. Jang ya miƙa hannu. Mudi bai karɓa ba, sai ya sunkuya ya ɗauki akwatin ɗalibin, ya fito titi ya jera da shi har kwana.

Darakta ta daka tsawa aka tsaya. Aka sake, Mudi ya sake ɗaukar akwati.

"Mista Garvie, ka iya karatu kuwa?"

"Na iya, ranki ya daɗe. Amma mutumin da ya shekara huɗu a gidanka ba a rufe masa ƙofa a ƙeya. Na taɓa yi, na san yadda take."

Ta ce masa masu rufe ƙofa sun fi ɗari a London, kuma Mista Baird ba dole ba ne a wasan, almakashi ɗaya ya isa a yanke shi daga fim ɗin. Hambali ya matsa kusa da Mudi. Ya ja hannun rigarsa.

"Mutumina, don Allah rufe ƙofar nan. Ka tuna da Margaret."

Jang ya dubi Hambali ya ce da Hausa, "Ashe kai ka lalata tsohon nan."

A karo na uku Mudi ya rufe ƙofar, yadda aka rubuta. Darakta ba ta ko yi masa sallama ba. A bas Mudi ya yi ta kallon taga. Can ya ce, "Ina jin na kashe Mista Baird. Mutuwata ta sha biyu ke nan." Hambali bai iya dariya ba. Watanni ya yi yana ganin shi ya jawo wa abokinsa, da rakiyarsa.

Mudi bai ga wasan ba. Cikin watan Afrilu na 1977 zuciyarsa ta tsaya, da safe, yana ɗaura igiyar takalmi zai tafi Aldwych. Aka kai shi ƙauyensu aka binne. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

A watan Yuni Margaret ta zo kwashe kayansa, tsohuwa 'yar ƙarama mai sanda. Ya yi daidai da ranar da za a nuna wasan, ƙarfe bakwai na yamma, rana ba ta ko faɗi ba. Shafa'atu ta zaunar da ita a kujerar da Mudi yakan zauna. Hambali ya kasa zama, ya tsaya jikin bango.

Fitowa ta farko ta wuce, ga Mudi da fuskarsa gaba ɗaya. Ta biyu ma. Aka zo ƙofa. Jang ya miƙa hannu, Hambali ya runtse ido. Sai ya ji Shafa'atu ta ce, "Malam, duba!"

Mudi ya ɗauki akwatin. Kyamara ta bi su a baya, titi jiƙe da ruwan sama, ba mai magana. A kwana ya ajiye akwatin, ya gyara wa Jang wuyan kwat, ya tsaya yana kallo har ya ɓace. Bai ɗaga hannu ba. Tsayawa kawai ya yi, yadda yakan tsaya a kan gada.

Rubutu ya fara hawa. Margaret ta tashi da sandarta ta je gaban talabijin, ta sa yatsa a kan gilashi tana bin layi ɗaya ɗaya. Layi na tara ne. Murdo Garvie. Ta bi shi da yatsa har ya shige sama.

"Har yanzu bai yi askin ba," ta ce, sannan ta fashe da kuka.

Washegari ta ce kada kowa ya wahala, ta san inda bas yake tsayawa. Hambali ya zura takalmi. Ya ɗauki akwatin Mudi, wanda ta cika da kayansa, suka sauka bene, suka wuce tafki. A kan gada ta miƙa hannu za ta karɓa.

"A'a, Yaya," ya ce. "Har tashar jirgi."