Ramar Ƙanwata

Abin ya faru ne shekarar da ruwa ya cika babbar kwata ta unguwarmu Nima har ya tafi da awakinmu, lokacin an daɗe da daina zane matan kasuwa da bulalar soja. Ban yi boko ba, amma ba a gyara mini labari.

Ƙanwata wake da shinkafa take sayarwa a bakin titin Maamobi. Mace ce cikakkiya, in ta shiga trotro, motar haya, wurin mutum biyu take ci, kuma mu a zongo, unguwar Hausawa, wannan shi ne arziki. Sai ciwon suga ya kama ta. Yatsan ƙafa ya ruɓe aka yanke, ido ya fara hazo. Ɗanta da ke Jamus ya aiko cewa likitocin can suna ɗinke ciki su rage shi, ƙiba ta sauka, sugan ya lafa. Abin hannunsa bai kai ba. Ta sayar da atamfofinta da sarƙar zinaren uwarmu, ni na sayar da injin niƙana, ban kuma yi shawara da kowa ba.

Ta je aka yi mata aikin, ta dawo rabinta. Ta daina allurar suga, ido ya washe, sai dai loma uku ta ƙoshi, in ta ƙara sai amai. Lokacin kuwa rediyo ba ya maganar komai sai ƙanjamau. Mace ta je Turai da jiki, ta dawo ƙashi tana amai: zongo ya yanke hukunci. Masu saye suka watse.

Wata safiya wani mahauci, ƙato, ya zo ya ce ba za ta ciyar da unguwa cuta ba. Ya hamɓare tukunyar, wake mai zafi ya zubo mata a ƙafar nan mai yatsa huɗu, ya bi ta da mari ta faɗi. Ina daka yaji a bayan rumfa. Da taɓaryar na fito. Na sauke masa a kafaɗa, na ji ƙashi ya ce ƙas. Ya zaro wuƙa ya tsaga mini dantse, na ƙara masa a gwiwa ya durƙusa cikin miya. Jinina na ɗiga, jama'a ta cika, babu mai rabawa.

Ƙanwata ta miƙe. Ita da ko mayafinta ba ya zamewa a waje, ta ɗage riga gaban maza, ga tabon ɗinki tun daga ƙirji har cibiya.

Ta ce, “Yaya, ajiye taɓarya. Ku kuma ku duba da kyau, yau kaɗai za ku gani.”

Maza suka sunkuyar da kai. Wata tsohuwa ta tsugunna ta kankare abin da ya rage a tukunya, ta ci a gaban kowa. Washegari ƙanwata ta ɗora wata tukunya, kafin azahar an saye abincin tas.

Tsohuwar ta rasu, ƙanwata ma ta bi ta, bayan ta ga jikoki, da sauran yatsun ƙafarta tara. Saura ni da mahaucin. Yana nan unguwar Kanda yana ɗingishi, in mun haɗu shi yake fara gaishe ni.