Buhu Talatin a Kan Ɗakin Inna

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Mushe Lawali makwancinsa a Tsibiri, amma har yau idan na ambaci lamba a cikin mutane sai na ɗan waiga, ko yana bayana zai tsare ni da tambaya. Mushe shi ne yadda muke kiran malamin boko a nan. Malamin kimiyya ne, ya tsufa yana koyar da fizik a makarantun Maradi. Ni kuwa abokinsa ne tun muna yara, ɗan kasuwar hatsi a Sabon Gari, wanda ya gudu daga lakwal a aji biyar bai sake leƙa ta ba. Mutane sun sha mamakin abin da ya haɗa mu. Gardama ce ta haɗa mu, ita ce kuma ta riƙe mu har ƙarshe.

Ɗalibansa Mushe Na-mi suke kiransa, shi ma ya san da sunan, yana kuma jin daɗinsa. Idan ɗalibi ya gama lissafi ya rubuta ashirin ya ajiye alƙalami, sai Lawali ya ɗaga takardar sama ya ce, “Ashirin na mi? Awaki ko ƙosai?” Ba ya ba da maki ga lambar da ta zo babu ma'auninta, ko da lissafin ya fita daidai. Yakan ce lamba ba ta fita tsirara, sai an sa mata riga: mitir, ko kilo, ko litir, ko sakan. Iyaye sun kai ƙararsa ba sau ɗaya ba, bai fasa ba.

Ni da shi kuwa a kan tiya muka fi kai ruwa rana. Duk ranar da ya biyo rumfata sai ya ɗauki kwanon awona ya juya shi, ya ce tiya ciki take aunawa ba nauyi ba, shi ya sa tiyar gero da ta gyaɗa ba su taɓa yin nauyi ɗaya ba. In ce masa da wannan tiyar mahaifina ya ciyar da mu, har da shi Lawalin, don ba ya wuce tuwon gidanmu. Ya yi dariya, ya ɗebi gyaɗata ya tafi. A lokacin na ɗauka duk wannan ilimin nasa na allo ne, ba ya tsallake ƙofar aji.

Shekara huɗu kafin rasuwarsa na haƙa wa mahaifiyata rijiyar burtsatse a gidanmu na Tsibiri. Inna ta tsufa, ƙafafunta sun gaji, ina so ta murɗa famfo kawai ruwa ya zo. Na sayo baƙin tankin roba, a jikinsa an rubuta lamba uku da wasu 'yan haruffa da ban kula da su ba. Mutum biyu ne suka sauke shi daga mota suna hira, saboda babu komai a cikinsa. Maginin da na ɗauko ya ce ruwa ba ya yin ƙarfi a famfo sai tanki yana sama, kuma babu wuri mai tsawo a gidan kamar rufin ɗakin Inna. Rufin nan ɗan siririn siminti ne da aka zuba don tare ruwan sama, ba don ɗaukar kaya ba. Magini ya bubbuga shi da ƙafa ya ce siminti ai siminti ne. Ni ma na yarda, don uku ba lambar da za ta tsorata ɗan kasuwa ba ce.

Ranar wata Juma'a da hantsi, an kafa tsani an ɗaura igiyoyi, sai ga Lawali a kan tsohon babur ɗinsa ya zo gaishe da Inna. Ya dubi tankin, ya dubi rufin, ya dube ni.

“Habu, mi za ku ɗora can bisa?”

“Tanki ne. Ƙarami ne hwa, ukku ne kawai.”

“Ukku na mi?”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. A gaban ma'aikata, a gidan ubana, ga shi yana yi mini tambayar 'yan aji. Na ce masa nan ba lakwal ba ce, ya je ya gaishe da tsohuwa ya bar masu aiki su yi aikinsu. Na zaci zai yi dariyarsa ta kullum, amma bai yi ba. Ya sa aka cika jarka mai litir ashirin, ya ce in ɗaga. Na ɗaga ina nishi. Ya ce kilo ashirin ke nan a hannuna, domin litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. Sannan ya tsuguna ya zana akwati a ƙasa da tsinke, mitir ɗaya tsawo, mitir ɗaya faɗi, mitir ɗaya zurfi, ya ce wannan akwatin litir dubu yake ci, kuma ukun da ke jikin tankina irin wannan akwatin ne guda uku. Litir dubu uku, kilo dubu uku.

Na ɗaga kafaɗa. Dubu uku a rubuce a ƙasa ba ta taɓa ni ba, don ban san nauyinta a jikina ba. Lawali ya lura. Ya goge zanen da tafin hannu, ya tambaye ni kilo nawa ne buhun gero. Na ce ɗari, wannan ko cikin barci na sani.

“To buhu talatin ne,” in ji shi. “Ka ɗora buhun gero talatin bisa ɗakin da Inna take kwana, sannan ka tahi Maradi ka yi barcinka.”

Buhu talatin na san shi. Na ga yadda yake durƙusar da ƙaramar mota, na ga yadda ƙarti shida suke jiƙewa da gumi kafin su sauke shi. Na ɗaga kai na dubi ɗan rufin nan, na dubi gadon Inna ta ƙofa, daidai ƙarƙashin inda aka share don tankin. Da kaina na kwance igiyar.

Inna tana zaune a kan tabarma tana tsince wake, duk ta ji. Ba ta tsorata ba, dariya ma ta yi har ta share hawaye. Ta ce tun ranar da na gudo daga lakwal ta san wata rana abin zai faɗo mata a ka, ba ta dai zaci da gaske zai faɗo ba. Lawali ya yagi takardar buhun siminti ya zana mana ƙafafun ƙarfe huɗu, aka kafa su a can kusurwar gida kusa da dogonyaro, inda ko sun gaza babu wanda ke ƙarƙashi. Bayan sati biyu ruwa ya zo a famfo.

Daga ranar ya raɗa mini Alhaji Ukku, ya kuma yaɗa sunan har cikin kasuwa. Amma ni ma na samu abin ramawa. Na riƙa tuna masa cewa duk akwatunansa da dubbansa ba su motsa ni ba sai da ya sauko wurin buhuna. Ya amsa cewa gaskiya ne, kuma an gaya mini daga baya da buhun gero ya riƙa koyar da nauyi a aji. Wannan ita ce gardama ɗaya tak da muka tashi kowa ya ci.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da zamanin nan. Yanzu kowa da waya a hannu, kafin ka rufe baki ta mayar maka da kilomitir zuwa mitir. Ina jin zai yi murna da ita kwana biyu, sannan ya fara ƙorafi cewa wayar tana amsa duk abin da aka tambaye ta, amma ba ta taɓa tambayar kowa na mi. Zai tsaya wurin masu sayar da faifan hasken rana a Sabon Gari, waɗanda ke cewa wannan ɗari uku ne, ya hana su ciniki sai sun faɗi ɗari uku na mene ne. Zai tare 'yan kabu-kabu a hanyar Tsibiri ya gaya musu cewa kilomitir saba'in da biyu a awa, mitir ashirin ne kowane sakan, su auna da idonsu nisan akuyar da ke tsallaka titi. Ba mutum ne mai kukan zamani ba, zai samu abin dariya a ciki, zai kuma samu wanda zai koya wa.

'Yata Rakiya, wadda ta yi karatu a hannunsa, yanzu tana aiki da manoman lambu a Jiratawa. Ta ce babban aikinta shi ne hana mutane rikita mililitir da santilitir wajen haɗa maganin feshi, don wanda ya rikita ya zuba ninki goma, ya ƙone zogalensa da hannunsa. Kafin ta buɗe baki, in ji ta, manoman kan riga ta: “Mun sani, Madam, biyar na mi.”

Lawali bai bar gidan bene ba, bai rubuta littafi ba, babur ɗin ma ya riga shi mutuwa. Abin da ya bari ina ganinsa duk Juma'a idan na je Tsibiri: tanki a kan ƙafafu huɗu a kusurwar gida, da rufin da ba ya ɗauke da komai sai kuɓewar da ake shanyawa, da tsohuwar da ke kwana a ƙarƙashinsa lafiya lau. Ta murɗa famfo ta yi alwala, ta yi masa addu'a da sunansa, wani lokacin ma kafin ta ambaci mahaifina. Ina kewarsa ƙwarai, amma ban taɓa shiga gidan nan na fito da baƙin ciki ba.

Juma'ar da ta wuce na zauna kusa da ita na ce, “Inna, yau bakwai ke nan da Lawali, Allah Ya jiƙansa.”

Ta amsa da amin, ta shafa addu'a. Sannan ta ɗago ta dube ni ta gefen ido, bakinta yana motsi.

“Bakwai na mi, Alhaji Ukku?”