Garin Ƙarfina da Bijimin Baba

Shekarun baya, lokacin da nake ganin ba abin da ya raba ni da manyan 'yan ƙwallo sai rashin sa'a, ni ne mai lamba tara a ƙungiyar garinmu, Ruwan Godiya. Ƙafa akwai, numfashi ne babu. Da an dawo hutun rabin lokaci sai in koma haki, hannu a ƙugu. Muka kai wasan ƙarshe na gasar bayan kaka, sai kocinmu ya ce min, "Saura mako uku. In ba ka gyara ba, benci za ka ɗumama."

Abokina ya nuna min wani shafi a intanet inda ake tallar garin ganye na 'yan wasa. Wai cokali biyu a kunu, ka yi gudu har ka manta da gajiya. Robar tana ɗauke da hoton wani bijimi mai ƙaton wuya. Ban yi shawara da kowa ba na tura kuɗi. Mai kayan ya ce ya sa a mota daga Kaduna, ya turo min lambar direba.

Daga nan ɓacin rai ya fara. Direba ya ce ya ajiye a tashar Yankara. Na hau babur na je, wanda na tarar a tashar ya ce, "Wane saƙo? Ni ban ga komi ba." Na kira direba, ya ce shi dai ya ajiye. Na kira mai kayan, ya ce shi dai ya aiko. Sau huɗu ina zuwa Yankara! Har ɗan damfara sai da na kira mai kayan, bawan Allah, ya toshe lambata. Duk lokacin da ya kamata in yi atisaye a kan hanya da cacar baki ya ƙare.

Ranar wasa kuwa benci na ɗumama, tun daga farko har aka tashi. Aka ci mu ɗaya. Wallahi har yau in na tuna sai na ji zafi.

Kwana biyu bayan nan mahaifiyata ta ce in zuba wa bijimin da mahaifina ya turke dusa. Ina ɗaga buhu sai ga robata a bayansa, saura ɗan kaɗan a gindi. Na tsaya riƙe da ita, bijimi yana kallona yana tuƙa, jikinsa sai sheƙi yake.

Ashe ranar kasuwa wani ɗan kamasho da ya san mahaifina ya ga sunan Baba a bayan nawa a jikin kwalin, ya miƙa masa. Baba ya buɗe, ya ga hoton bijimi, shi ke nan magana ta ƙare: maganin kiwo ne ɗansa ya sayo masa. Kullum cokali biyu a dusa da kanwa. Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, balle ya zaunar da ni ya yi godiya. Ni ina zagin mutanen tasha, shi yana wuce ni a zaure da robata a aljihun riga.

Na fito a fusace zan faɗa masa irin asarar da ya jawo min. Ina isa bakin zaure na ji yana magana da maƙwabcinmu.

"Alhaji, mi kake ba bijimin nan haka?" in ji maƙwabcin.

"Yaron nan ne," in ji Baba, "babban. Ban roƙe shi ba, ban ma san ya lura da wahalata ba. Tun daga Kaduna ya sa aka kawo. Cikin ɗiyana shi ɗai ya tuna."

Na lallaɓa na mayar da robar bayan buhu.

Ko garin yana aiki, ban sani ba, ko ɗanɗanonsa ban ji ba. Na dai koyi cewa numfashi a fili ake nemansa, ba a tasha ba. Haushin bencin nan bai bar ni ba, kuma ina da bashin ban haƙuri ga wani mutum da ya toshe ni. Amma shekara ashirin da biyar ina jiran in ji Baba ya yabe ni, kuma sau ɗayan da na ji, a kan abin da ban yi ba ne. Har ya bar duniya ban gyara masa ba.