Ranar da Inna ta Gyara wa Fir'auna Girki

Ko zan manta lambar gidan da muka zauna a University Heights, unguwarmu ta Bronx a Amurka, ba zan manta ranar da mahaifiyata ta gyara wa Fir'auna girki ba.

Lokacin 'yata tana aji shida. Ta daina tafiya makaranta da abincin gida tun ranar da aka toshe hanci saboda warin daddawar miyarmu. Ana nan sai malamarsu ta tarihi ta ce kowa ya haɗo wani abu na tsohuwar Masar, a nuna a gaban iyaye. Ita 'yata aka ba ta wata alawa ta aya da zuma, wai ita su Fir'auna da manyan Masar suke ci. Yarinya ta ɗauki abin da zafi, don a ganinta wannan ce damarta ta kai abincin da ba wanda zai yi wa dariya.

Inna ta zo mana daga Kano aikin ido. Tana jin sunan Fir'auna ta ajiye carbi.

"A'uzu billahi! Duk bayin Allah na gari ba su ga wanda za su koya muku girkinsa ba sai wanda ruwa ya ci?"

Na lallaɓa na sayo aya a shagon wani ɗan Nijar a Tremont, muka zuba a kasko. Ƙamshin ne ya fito da Inna daga ɗaki. Ta tambayi yadda ake yi, na ce a soya, a niƙa, a zuba zuma, a mulmula. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Dakuwa ce fa! Ashe duk tsiyar mutumin nan dakuwa yake ci."

'Yata tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Ta murtuke fuska ta ce wannan ba dakuwa ba ce, tarihi ne.

To, tarihin ne ya fara kashe mana bilenda, ɗan injinmu na niƙa. Muna zuba aya ya yi wani irin gurnani, ya saki warin ƙonewa, ya ce ga garinku nan. Inna ta shiga ɗaki ta jawo turmin da ta taho da shi daga Kano, wanda na yi ta mita a kansa a filin jirgi. Tana fara daka maƙwabcinmu na ƙasa ya hau dukan silin da sandar tsintsiya. Dole na rungumi turmi, ƙato da ni, na sauko da shi bene huɗu zuwa bakin titi. Inna ta ci ɗamara tana kirɓa aya, masu wucewa suna ɗauka a waya. 'Yata kuwa kunya ta hana ta saukowa, ta maƙale a bayan labule.

"Hau ka ɗauko mini zumar," in ji Inna.

Da ina da wayo, da na tambayi kaina abin da ke ƙulle a gefen mayafinta. Da na dawo na ga garin ya ɗan yi ja, ta ce ai ayar Amurka ce haka. Ta mulmula su masu tsini yadda jikarta ta nuna mata, yarinya ta rufe faranti, ta hana kowa taɓawa kada su kasa isar 'yan aji.

Washegari muka je har da Inna. 'Yata ta tsaya ta yi bayani tiryan-tiryan, na ji kaina ya yi girma. Malama ta zaɓi babba ta jefa a baki gaba ɗaya. Ta tauna, ta tsaya. Fuskarta ta yi jawur, hawaye ya zubo, ta shiga fifita baki da hannu tana neman ruwa. Barkono da citta ne Inna ta zambaɗa, ba na wasa ba.

Na dubi 'yata, ta kusa fashewa da kuka. Wallahi tausayinta ya kama ni, na ji haushin uwata kamar in yi ihu. Ita kuwa tana zaune abinta tana gyara tabarau.

Abin da ban lissafa ba shi ne, yaran Bronx rabinsu da barkono aka yaye su. Da suka ga malama tana hawaye sai kowa ya ce sai ya gwada. Suka yi wa faranti caa, suna shan yaji suna dariya suna neman ƙari. Da malama ta dawo hayyacinta ta ce mutanen Masar na wancan zamani ba su san barkono ba, don haka wannan ba tasu ba ce. To mece ce?

 'Yata ta nuna kakarta ta ce, "Dakuwa." Ta ɗauki alli ta rubuta a allo da manyan baƙaƙe, 'yan aji suna maimaitawa kamar masu biya karatu.

An rage mata maki, ba ta ko damu ba. A mota na fara yi wa Inna faɗa, na gaya mata Fir'auna bai taɓa ganin barkono ba.

"Ai ga alama nan," in ji ta. "Wanda yaji ya taɓa sa shi hawaye ba zai ce shi ne Ubangiji ba."

Daga baya 'yata ta leƙo ta ce, da Hausarta mai tuntuɓe, "Inna, gobe ki daka wani, na yi musu alkawari."

Inna ta rasu shekarun baya, turmin yana wurin jikarta, kuma har yau maƙwabta suna dukan silin. Abin da ranar ta koya mini shi ne, 'ya'yanmu a nan ba sa ganin darajar abin gida sai baƙo ya fara yabawa, ko da Fir'auna ne. Na daina jiran baƙo. Kuma tun daga ranar, in tsohuwa ta aike ni ɗauko zuma, sai na fara duba gefen mayafinta.