Jakar da Baba Ya Ɗinka Mini

Shekarar da na sayi kyamarata ta farko, damina ta zo da ƙarfi. Sana'ata ɗaukar hoto a wajen biki da suna da saukar karatu, daga Makarfi zuwa ƙauyukan Dandamisa, wani lokaci har Hunkuyi, duk a kan babur. In hadari ya taso ina hanya, sai in ƙulle kyamarar a leda biyu in cusa cikin riga. Wata rana na dawo daga ɗaurin aure jiƙe sharkaf, na kwance ledar a zaure, sai na tarar raɓa ta kwanta a cikin gilashin kyamarar. Kwana uku ina shanya ta kafin ta dawo daidai.

Mahaifina baduku ne, a zauren nan yake aikinsa, yana ɗinka kube da gafaka da takalma. Ranar yana zaune da basilla a hannu yana kallona. Dama Baba ba mai yawan magana ba ne.

Bayan kamar mako uku ya kira ni da la'asar, ya miƙo mini jaka. Jar fatar akuya ce, ya yi mata shafi da robar tsohon tiyub ɗin mota, marfinta ya rufo har gindi. Babu zif, maɓallin fata ne da igiya. Ya ce zif ƙofa ce ga ruwa da yashi. Tana warin jima da man kaɗe. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, amma zuciyata tana wajen masu hoton Zariya da nake haɗuwa da su a bukukuwa, da baƙaƙen jakunkunansu masu rubutun Turanci. Sau ɗaya tak na rataya ta, zuwa wani suna a bayan layinmu. Wani abokina ya tambaye ni a gaban mutane ko layu na fara sayarwa. Aka yi dariya, ni ma na yi.

A satin na tafi Zariya. Mai shagon ya baje mini jakunkuna, ya koya mini abin da ake dubawa. Ya ce in juya cikinta in ga ko an liƙe bayan ɗinkin da roba, in ga ko zif ɗin yana da leɓen da ya rufe shi, in taɓa gindin in ji ko zai jure ajiyewa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wadda na zaɓa har da 'yar rigar ruwanta a ɓoye cikin aljihu, da soso mai raba wurin kyamara da na batir. Ya fasa mata ruwan leda a kai, ruwan ya gangare kamar a ganyen gwaza. Ban ƙara duba wata ba.

Da na kawo ta gida, Baba ya karɓa ya juya ta ciki da bai. Ya daɗe yana bin ɗinkin da babban yatsa.

“Wanda ya yi wannan ya san aikinsa,” in ji shi. “Allah ya sa ka kashe ta lafiya.”

Ya tashi ya ɗauki wadda ya ɗinka mini, ya rataye a ƙusa a bayan ƙofar zaure.

Da ma a ce jakar kantin ta yi yoyo ko da sau ɗaya ne, da na samu dalilin komawa wajensa. Ba ta yi ba. Damina huɗu muka ci tare, ruwa ya doke mu a hanyar Kudan ba adadi, ɗigo bai taɓa shiga ba. Duk ranar da na shigo a jiƙe, Baba zai ɗago kai ya tambaye ni ko ruwa ya shiga. In ce a'a, har in buɗe masa ya gani, a zatona hankalinsa nake kwantarwa. Ya ce madalla, ya koma kan ɗinkinsa. Ban ma lura da ranar da jakar ta bar ƙusar ba.

A damina ta biyar Baba ya kwanta, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Ranar uku wani tsohon amininsa ya zo ta'aziyya, Bafulatani makiyayi daga wajen Saulawa, wanda tun muna yara muke ce wa Baffa. Yana sunkuyawa zai cire takalmi na ga jakar a kafaɗarsa. Ta yi duhu, ta yi laushi, amma ita ce. Maganin shanu yake sawa a ciki, da wayarsa.

Da mutane suka ragu na matsa kusa da shi, na tambaye shi yadda ta zo hannunsa. Ya ce ai a gabansa aka yi ta. Baba ya auna kyamarar da zare wata rana da na shiga wanka. Jakar farko da ya ɗinka ta yi yoyo, ya warware ta gaba ɗaya ya sake. Ta biyun kuwa gishiri ya ƙunsa a takarda ya sa a ciki, ya rataye ta a ƙarƙashin indararo ana tsuga ruwa, su biyu suka zauna a zaure suna jira har aka ɗauke. Da ya buɗe ya tarar da gishirin a bushe, sai ya yi dariya har da buga cinya. Baffa ya ce duk zamansu bai taɓa ganin ya yi irin wannan dariyar ba.

“Ranar da ya ba ni ita,” in ji Baffa, “cewa ya yi, yaron ya samu wadda ta fi ta, kai ka riƙe, kada ta mutu a rataye.”

Ya zazzage kayansa a kan tabarma, ya miƙo mini. Na shiga ɗaki da ita, na ɗauko kyamara zan sa. Ashe na manta, tun shekara biyu da suka wuce na canza kyamara, wannan ta fi waccan girma. Ta ƙi shiga. Na juya ta, na cire gilashin, na danna har na ji ɗinkin yana ƙara, sannan na bari. Kukan da ban yi a maƙabarta ba, a nan ya zo mini. Inna ta ɗaga labule ta ga abin da ke kan cinyata, ta sake shi a hankali ta koma.

Da na fito, Baffa ya ɗaure kayansa a gefen rawani yana shirin tafiya, gabas kuma ta yi baƙi. Na kwance su na mayar cikin jakar ɗaya bayan ɗaya, na rataya masa. Ya ƙi, ya ce gadona ce. Na ce masa Baba ne ya ba shi da hannunsa, ni ba zan karɓe ba. Ya yi wa Baba addu'a da Fulatanci, ban ji ko kalma ɗaya ba, na dai ce amin. Na raka shi bakin titi, na tsaya har motar Ikara ta cika ta tashi.